Farin ɗigo a jikin kifin teku: yadda ake ceto akwatin murjani a Yamai

Mu masu kiwon kifin teku da murjani a akwatin gilashi nan Yamai ba mu da yawa, kusan duk mun san juna. Saƙon da ya fi zo mini a WhatsApp iri ɗaya ne: hoton kifi da ƴan ɗigo-ɗigo farare a fiffike, a ƙasa an rubuta, "Malam, wane magani zan zuba?" Amsar da nake bayarwa ba ta yi wa kowa daɗi. Ba ko ɗaya. Akwatin da ke da murjani ba a zuba masa magani, domin duk abin da ya isa ya kashe ƙwaron da ke kawo ɗigon ya isa ya kashe murjanin, da katantanwa, da jatan lande, da ƙananan halittun da ke cikin dutse. Kwalaben da ake rubuta wa "ba ya cutar da murjani" kuwa, ƙwaron ma ba su cika cutar da shi ba. Aikin shi ne a kwashe kifayen gaba ɗaya a yi musu jinya a wani wuri, a bar babban akwatin babu kifi har yunwa ta gama da ƙwaron.

Amma kafin ka ɗauki raga, ka san da wa kake faɗa. Ka bari sai bayan isha'i, ka kashe fitilar akwatin da ta ɗaki, ka haska kifin da tocila ta gefe, ba ta gaba ba. Idan ka ga ɗigo farare masu girman ƙwayar gishiri, a warwatse, har kana iya ƙirga su, kifin kuma yana ci, sai dai yana goga jikinsa da dutse jefi-jefi, to farin ɗigo ne, wanda masana ke kira Cryptocaryon irritans. Kana da ƴan kwanaki na shiri. Idan kuwa abin ƙura-ƙura ne, ya lulluɓe jikin da wani dishi-dishi mai ɗan ruwan zinariya, ba ya ƙirguwa, kifin ya daina ci, yana gudun haske, ya je ya tsaya a bakin famfo yana fuskantar ruwa, murfin kunnensa na bugawa kusan sau biyu a daƙiƙa, wannan Amyloodinium ocellatum ne, udiniyom a bakin masu sayarwa. Shi ba ya jira. Jan naman numfashi yake fara ci, sau da yawa kifi kan mutu fatarsa tsaf ba ɗigo ko ɗaya, kuma cikin kwana biyu ko uku yana iya share akwati. Akwai na uku, Brooklynella, mai son kifin nan ruwan lemo mai farar ɗamara da ake kira kulun: za ka ga farin yauƙi mai kauri yana saɓulewa daga jikinsa. Na huɗu tsutsotsi ne masu faɗi da ke manne a fata da ido, ba a ganin su sosai, sai dai idon kifin ya yi hazo, yana kaɗa kai.

Tsoma kifi a ruwan daɗi shi ne taimakon gaggawa, kuma gwaji ne. Ka samu roba baƙa ko shuɗiya mai duhu, ka zuba ruwan da babu gishiri kuma babu kulor, zafinsa daidai da na akwatin, ka ɗan sa bikarbonat har ma'aunin pH ya kai 8, ka sa masa iska. Kifin zai kwanta a gefe da farko, kada ka firgita, ka taɓa shi da yatsa zai miƙe. Minti 3 zuwa 5, ba ƙari. In ya fara tsalle kamar zai fita hayyacinsa, a cire shi nan take. Sai ka duba gindin robar. In tsutsotsin fata ne, za ka gan su sun yi fari sun zubo, masu girman riɗi. Udiniyom ma yana sakin jan naman numfashi a ruwan daɗi, kifin ya samu sarari na awanni. Farin ɗigo dai ba ruwansa, domin shi a ƙarƙashin fata yake kwance, ruwan ba ya kai gare shi.

A nan ne ya kamata a zauna a fahimci rayuwar farin ɗigon, don duk dabarun da za su biyo baya a kanta aka gina su. Wanda ya taɓa kiwon shanu ya san kaska: ta sha jini ta ƙoshi, ta faɗi ƙasa, ta zuba ƙwai a garke, ƴaƴan su hau wata saniya. Ka cire ta jikin dabba kaɗai, ba ka yi komai ba, tana nan a ƙasa. Haka wannan ƙwaro yake. Yana kwana 3 zuwa 7 a jikin kifi yana ci, sannan ya saki, yawanci kafin asuba, ya yi ta rarrafe na wasu awanni har ya samu abu mai tauri, dutse ko rairayi ko gilashi ko bawon katantanwa, ya manne ya yi wa kansa ɓawo. A cikin ɓawon yake rarrabuwa, guda ɗaya ya zama har wajen 200. Ɓawon ba ya fashewa kafin kwana 3, yawanci cikin mako ɗaya zuwa huɗu ne, amma masanan nan biyu, Angelo Colorni da Peter Burgess, sun rubuta a 1997 cewa a ruwa mai sanyi an ga wanda ya kai kwana 72. Ƴaƴan da suka fito suna da kwana ɗaya zuwa biyu su samu kifi, in ba su samu ba sun mutu. Murjani ba abincinsu ba ne, jatan lande ma haka.

Wannan ne ya sa mutum ke kira na bayan kwana huɗu yana murna, "Alhamdu lillahi, ɗigon ya tafi da kansa." Bai tafi ba, ya sauka ne. Mako mai zuwa zai dawo da rundunarsa. A wannan ƴar tazarar ce tafarnuwa ta yi suna, ita da ɗan kifin nan mai tsince jikin ƴan'uwansa, da jatan lande mai wannan sana'ar. Ba na hana kowa sa tafarnuwa a abinci, wani kifin tana buɗe masa ciki, amma ba ta kashe komai. Masu tsincewar ba sa kai wa ga abin da ke ƙarƙashin fata, kuma ɗan kifin shi kansa yana kamuwa. Fitilar UV, mai hasken da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, tana rage ƴaƴan da suka bi ta cikinta, waɗanda ba su bi ba suna nan. Shawarar da ta fi ba ni haushi ita ce a ƙara zafin ruwa. Daga wajen masu kiwon kifin ruwan daɗi aka aro ta, nasu farin ɗigon wani ƙwaro ne dabam. Na teku zafi gaggawa yake ƙara masa, ruwan kuma iskarsa ta ragu a daidai lokacin da kifin ke haƙilon numfashi. Balle mu a nan, da watan Afrilu da Mayu zafin waje ke wuce digiri 40, muna fama ne mu riƙe ruwan tsakanin 25 da 27.

Wani Alhaji, abokin mahaifina ne, yana da akwati babba a falo, ya ce mini, "Yaro, kifi biyu ne kawai ke da ɗigon, sauran lafiyarsu lau, don me zan wargaza duwatsuna?" Na ce, "Baba, waɗanda ba a gani a jikinsu su ne abin tsoro." Kifin da ya sha cutar ya tashi yana samun kariya ta wajen wata shida, amma kariyar ba cikakkiya ba ce: yana iya ɗauke da ƙwaro kaɗan a jan naman numfashi, yana ciyar da su, suna hayayyafa a ɓoye, sai ranar da aka kawo baƙon kifi ko aka daɗe ba wuta, abin ya tashi. Ko ɗan ƙaramin da ke zaune a rami, wanda sai sati-sati ake ganin kansa, in aka bar shi an yi aikin banza. Kama su kuwa wahala ce, ban ɓoye wa kowa ba. Ka rage ruwan zuwa rabi a cikin bokitai masu tsabta, ka fitar da duwatsun da murjaninsu ka nutsa su a ciki, ka kama kifayen da ƙaramar roba maimakon raga, musamman waɗanda ake kira shirurjiyan, masu aska a gindin wutsiya, waɗanda su ne ma farin ɗigo ya fi so. Da sassafe ya fi, kafin su wartsake.

Akwatin jinya ba ya son ado. Babbar robar ajiya ta lita 40 zuwa 60 irin wadda ake samu a Katako ta isa, matuƙar sabuwa ce ba a taɓa zuba sabulu ko mai a ciki ba. Ba rairayi, ba dutse. Ka yanka tiyo na PVC gunduwa-gunduwa su zama maɓoya, ka sa dutsen iska mai fitar da kumfa, ma'aunin zafi, da murfi mai huji, don kifin da ya tsorata yana tsalle. Injin iska mai batir wajibi ne, ba kwalliya ba. Awa biyu ba wuta a watan Mayu ta isa ta kashe kifin da numfashinsa ya riga ya raunana. Ka ja layi da maka a daidai bakin ruwan. Zan dawo kan wannan layin.

In farin ɗigo ne zalla, dabarar da na fi yarda da ita a garinmu ita ce canjin mazauni, wadda asalinta ke komawa ga aikin da Colorni ya yi a Eilat, bakin Bahar Maliya, a shekarun 1980. Ba ta buƙatar magani ko ɗaya, kuma abin da take buƙata muna da shi har ya yi yawa, wato rana. Kana son kaya kashi biyu na komai: roba biyu, tiyo, dutsen iska, ma'aunin zafi. Kifi ya shiga roba ta farko ranar 1. Ranar 4 da safe, kafin awa 72 ta cika, ka mayar da shi ta biyu, mai sabon ruwa da ka daidaita zafinsa da gishirinsa tun jiya. Haka ranar 7, ranar 10, ranar 13. Lissafin a fili yake: wanda ya sauka daga jikin kifi yana buƙatar aƙalla kwana 3 kafin ƴaƴansa su fito, kai kuma ka riga ka ɗauke kifin, wanda ke jikin kifin ba ya wuce mako, don haka zuwa ranar 13 babu saura. Ka tsame kifin da ƙaramin kwandon roba mai huji, ruwan tsohuwar robar ya tsiyaye, kada ya bi shi. Robar da aka bari a wanke ta da ruwan jabel, a ɗauraye sosai, a kife ta a rana har ta bushe ƙayau, kwana guda cur ko fiye. Ɓawon ƙwaron ba ya jure bushewa. Dutsen iska yana riƙe damshi a cikinsa, shi gara ka sayi da yawa ka riƙa jefar da wanda ka cire. Robobin biyu kada su yi kusa da juna ko da babban akwatin, a bar tazarar mita uku, saboda feshin kumfa na ɗaukar ƙwaro.

Tsadar wannan dabara a gishiri take. Kowace lita tana cin wajen giram 35, wato lita 40 kusan kilo ɗaya da rabi, sau biyar kuma ya kai kilo bakwai. Kuma gishirin haɗi na akwatin teku ake nufi, irin su Instant Ocean ko Red Sea, wanda daga waje yake zo mana. Na Bilma da na girki ba su da sauran ma'adinan ruwan teku, kada ma ka gwada. Rashin ingancinta ɗaya ne, amma babba: ba ta maganin udiniyom, domin shi yana iya ƙyanƙyashewa kafin awa 72.

Akwai masu rage gishirin ruwa zuwa 1.009 a ma'aunin gishiri, alhali na teku 1.025 ne, su riƙe shi haka kwana 30. Wannan dabara tana kashe farin ɗigo, ba ta taɓa udiniyom, kuma ni ba na ba mutumin Yamai shawararta sai yana da na'urar da ke cika ruwa da kanta. Da hunturu iskarmu busasshiya ce, ka ɗora fanka a kan ruwan don sanyaya shi kuma, kafin magariba ruwa ya ja baya, gishiri ya haura 1.011, ƙwaron ya samu rai. In ka yi ta, saukarwa cikin kwana biyu ba laifi, amma mayarwa sai a hankali, kada ta wuce 0.002 a rana.

Udiniyom sai maganin da ke ɗauke da sinadarin jan ƙarfe, ko kulorokin. Jan ƙarfe yana kashe ƴaƴan ne a lokacin da suke iyo suna neman kifi, ba ya taɓa na cikin ɓawo. Ma'ana, dole ƙarfinsa ya tsaya daram dare da rana. Ya sauka na rabin yini, an koma ranar farko. Ya haura kuma, kifin ne zai mutu. Shi ya sa ba a zuba shi sai da ma'auninsa a hannu, a riƙa aunawa kullum. Kowane irin maganin jan ƙarfe da adadinsa: Cupramine miligiram 0.5 a lita, Copper Power 2.0 zuwa 2.5, kada a ɗauki lissafin wani a ɗora wa wani. In farin ɗigo ne a hau da shi sannu-sannu cikin kwana uku ko huɗu, in udiniyom ne babu wannan lokacin, a tsoma kifin a ruwan daɗi, a kai ƙarfin cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Daga ranar da ya kai, kwana 30. Ko kwana 14 sannan a ɗauke kifin zuwa wata roba mai tsabta. Rairayi da dutsen murjani suna shanye shi, gawayin tace ruwa ma haka, don haka ba su da wuri a nan. Robar da ta taɓa ganin jan ƙarfe ka rubuta mata alama, kada ta sake kusantar murjani.

Ga amfanin layin makar nan. Ruwa ne ke tashi, gishiri da magani suna nan. In ruwan ya sauka da kashi ɗaya cikin goma, ƙarfin jan ƙarfen ya hau da kusan haka. Safe da yamma ka cika zuwa layin da ruwan osmos zalla, wato wanda na'ura ta tace ta cire masa gishiri da ma'adinai, ba na gishiri ba. In za ka canza ruwa kuwa, sabon ruwan gishirin ka zuba masa nasa maganin tun a bokiti kafin ya shiga.

Abin da ya fi kashe kifi a jinya ba ƙwaron ba ne, amoniya ce, gubar da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi da ragowar abinci. Sabuwar roba ba ta da ƙwayoyin tace ruwa, wato ƙananan halittun da ke narkar da kashin kifi. Ka ba su abinci kaɗan-kaɗan, ka zuƙe ragowar da siririn tiyo bayan minti goma, ka auna amoniya kowace rana, ka ajiye haɗaɗɗen ruwa a bido yana jira. Ruwan maganin da ke ɗaure amoniya yana da amfani a canjin mazauni, amma kada ya haɗu da Cupramine ko kusa, yana juya jan ƙarfen ya koma guba mai tsanani.

Kulorokin duk mun san shi, da shi aka yi mana maganin zazzaɓin cizon sauro muna yara, kafin ƙwayar cutar ta saba da shi a canza magani. A wajen kifi garin kulorokin fosfat ake amfani da shi, miligiram 10 zuwa 15 a lita, zubi ɗaya, a rage haske don haske na lalata shi, kwana 30. Yana aiki a kan farin ɗigo da udiniyom duka, kifi da yawa sun fi jure shi a kan jan ƙarfe, ko da yake shuɗin shirurjiyan da dokin teku ba sa ɗaukarsa. Matsalarsa ba a iya auna shi a gida. Ƙwayoyin mutane kuma lissafin da ke jikin kwalinsu dabam ne, ga gari da aka cika su da shi. Na masu talla a kan tire kuwa, Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. In ba ka samu garin na gaskiya ta hannun likitan dabbobi ba, ka tsaya kan jan ƙarfe.

Tsutsotsin fata sun fi sauƙi. Furazikwantel ne maganinsu, shi dai wanda ake raba wa ƴan makaranta a garuruwan bakin kogi don tsargiya. Miligiram 2.5 a lita: ƙwaya mai 600 ta isa lita 240, rubu'inta lita 60. Ba ya narkewa da daɗi, sai an daka shi an murje a cikin ƙyalle mai laushi a ruwan. A ƙara iska, a maimaita bayan mako, saboda ba ya kashe ƙwai. Brooklynella kuma wankan formol take so, mililita 1 na mai ƙarfin kashi 37 a lita 6, minti 30 zuwa 45 da iska mai ƙarfi, sannan sabuwar roba. Formol guba ne ga mutum, safar hannu da taga a buɗe, kuma ba a yi wa kifi mai buɗaɗɗen rauni.

Babban akwatin fa? Ya zauna kwana 76 babu kifi, wato 72 ɗin nan da ɗan ƙari. In ka tabbata udiniyom ne kaɗai, mako shida ya isa, amma tabbatarwa da ido ba abu ne mai sauƙi ba. Wasu na cewa in ruwa bai sauka ƙasa da digiri 27 ba kwana 45 ya wadatar. Da bazara ba zan yi musu ba. Sai dai a Disamba da Janairu dararenmu na sauka wajen digiri 15, mafi yawanmu kuma ba mu da abin ɗumama ruwa don mun ɗauka ba ma buƙata, akwatin ya yi sanyi da asuba ba wanda ya sani. Ni 76 nake bi, in rubuta ranar gamawa a takarda in manna a gilashin. Fitila da famfo su ci gaba yadda suke, murjani zai ma ji daɗi. Ka riƙa jefa ɗan abinci bayan kwana biyu ko uku, don katantanwa da jatan lande da ƙwayoyin tace ruwa kada su mutu da yunwa. Duk wani jiƙaƙƙen abu da ya shiga daga akwatin da ke da kifi, reshen murjani ne, katantanwa ce, ko ragar da ba ta bushe ba, ya mayar da ƙirgan baya zuwa ɗaya. Hannunka ma yana ciki: ka fara da babban akwatin, ka ƙare da na jinya, ba akasin haka ba.

Jinyar za ta ƙare tun akwatin bai gama kwanakinsa ba, saura wajen wata ɗaya da rabi ko biyu. Ka cire maganin da canjin ruwa da gawayi, ka bar kifayen a ruwa mai tsabta kana kallon su da tocila da dare, kana ciyar da su da kyau su mayar da jiki. In ɗigo ya sake fitowa a nan, a nan za a sake jinya, babban akwatin bai san an yi ba. Ranar mayarwa kada a zuba su gaba ɗaya, ƙwayoyin tace ruwa sun ragu a zaman da aka yi ba kifi. Biyu-biyu, da tazarar ƴan kwanaki, masu sanyin hali su fara shiga su kama wuri, masu faɗa irin shirurjiyan su zo daga ƙarshe.

Kifayenmu daga Indunusiya, Filifin, Kenya ko Bahar Maliya suke tasowa, su bi ta rumbunan dillalai inda ruwa ɗaya ke zagaya ɗaruruwan kifi, kafin su sauka a filin jirgin Diori Hamani a gajiye. Don haka robobin nan kada ka ba uwargida ta zuba gero a ciki. Duk sabon kifi ya yi aƙalla wata guda a cikinsu kafin ya ga babban akwati, sabon murjani da katantanwa kuma su yi nasu kwana 76 a wani ƙaramin akwati mara kifi. Jan ƙarfe da ma'auninsa da furazikwantel a yi odarsu tare da gishiri, su riga kifin isowa, a ajiye su a ɗaki mai sanyi nesa da yara, a riƙa duba ranar lalacewar ruwan gwajin, don zafinmu na saurin kashe shi.